ƊAN BAYAN KATANGA

Shafi na 21

Daga alƙalamin Maman Areej

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara mini haka. Baiwar Allahn da ta turo saƙo tana cewa in Yazan bai samu gidan nan ba ta daina karantawa, to ya samu, sai ki gyara zama. Amma ni dai ban yi wa kowa alkawarin dariya a shafin yau ba. Ni da na rubuta ma sai da na ajiye wayar na share ido kafin in ƙarasa.

*

Mota ba ta shiga lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, don haka a bakin titi suka ajiye tasu suka taka da ƙafa. La'asar ta yi sanyi. Yazan na gaba da mukulli a hannu, ya ƙi sa shi a aljihu tun safe da aka kammala ciniki aka mayar da gidan da sunansa. Matarsa Hikima na biye, 'yarsu Raghad na barci a kafaɗarta. Can baya kuma mahaifinsa ne, Abdulghani, yana jan ƙafa kamar wanda za a kai cire haƙori.

"Shufi, ya Hikima," in ji Yazan, baki har kunne. "Masallaci nan. Mai tamis nan, burodi da safe zafi-zafi. Kasuwa, Suƙ Alawi, taku kaɗan. Ba mota, ba cunkoso, ƙafa bas."

Hausar Yazan irin ta 'ya'yan Jidda ce, ji ya fi faɗa. In ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci ya wuce abinsa. Hikima 'yar Kano ta gaji da gyara masa tun shekarar farko ta aurensu.

A bakin lungun akwai dogon benci na katako da dattawan unguwa ke zama. Nan Abdulghani ya ja ya tsaya, ya zauna, ya ciro carbi.

"Ni iyakata nan."

"Abuya, ga ƙofar can kana hango ta."

"Na san inda take. Tun ba a haife ka ba na san ta."

"To ka zo ka sa mana albarka."

"Daga nan ma albarka tana isa. Yalla, ku je."

Ba yau ya fara ba. Tun ranar da Yazan ya zo da maganar gidan, tsohon yake kawo cikas, yau ya ce danshi ya ci bango, gobe ya ce gara ta cinye katako, jibi ya ce matakalar za ta karya yarinya. Yazan bai taɓa jin haushi ba, don yana ganin ya san dalili. A saman gidan nan iyayensa suka yi haya suna amarci, a nan mahaifiyarsa Mastura ta haife shi, a nan kuma ta rasu ko arba'in ba ta yi ba. Abin da ke korar uban, shi ne ke jan ɗan. Bai san ɗumin uwarsa ba, bai san muryarta ba, yana so ko bangon da ta jingina ne ya zama nasa.

Hikima ta rusuna. "Abuya, in mun fito zan taho maka da shayi."

Bai dube ta ba. "Allah ya yi miki albarka, ya binti."

*

Gidajen lungun a manne suke da juna, bango ɗaya na mutum biyu. Nasu siriri ne dogo, ginin dutsen teku, da roshan a fuskarsa, wato tagar katakon nan mai sassaƙa da ke turo ciki waje, koren fentinta duk ya ɓare. Mukullin ya yi gardama kafin ya juya. Warin tsohon katako da danshi ya tarbe su, amma in ka ga fuskar Yazan sai ka rantse turaren wuta ya shaƙa.

"Nan majalisa. Nan matbakh, kicin naki. Nan kuma," ya yi shiru a ƙofar wani ɗan ɗaki a hawa na sama, "nan ummi."

Hikima ta dafa bayansa. Ita ma marainiya ce, tana 'yar yarinya mahaifiyarta ta rasu a Kano, ta san irin wannan shirun.

Bari in tsegunta muku abin da Yazan bai sani ba. Hikima na da ciki. Ƙarami ne, ko Raghad ba ta lura ba. Ta daɗe tana cizon harshe, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta faɗa ba sai ranar da gidan ya zama nasu, a can saman rufi inda iskar teku ke kaɗawa. Har kalmomin ta shirya, da Larabci ma, don ya yi dariyar nata Larabcin kamar yadda take dariyar Hausarsa.

"Mu hau sama," ta ce.

Saman rufin fili ne ɗan madaidaici, tantabaru suka watse da jin motsinsu. Katanga ce ta raba shi da rufin maƙwabta, doguwa, ta fi tsayin mutum, don kada idon namiji ya faɗa kan matan wani gida. Sai dai a tsakiyarta, daidai ƙirji, akwai kafa mai faɗin faranti babba. Gefenta ya yi sumul saboda wucewar hannaye.

"Wannan fa?"

"Ta miƙa abinci ce," in ji Yazan. "Zaman da, maƙwabta suna ba juna tuwo ta nan, ba sai an sauka ba."

Hikima ta gyara wa Raghad kwanciya a kafaɗa, ta ja numfashi. "Yazan, akwai maganar da nake so..."

Tari suka ji daga bayan katangar.

"Min hina? Wane ne a gidan Mastura?"

Muryar tsohuwa ce, a dushe. Yazan ya matsa da sauri ya sunkuya a bakin kafar. Wata 'yar tsamurmurar tsohuwa ce zaune a kan kujera a jikin katangar, tana shan iska, idanunta duka biyu yanar ido ta rufe su fari fat.

"Gidan Mastura kika ce, ya khala?"

"Haka nake kiransa. 'Yan haya sun shiga sun fita, Yamalawa, Habashawa, har Bangalawa. Ni a wurina gidan Mastura ne. Ni ce Zubaidatu, a gidan nan na tsufa. Kai wane ne?"

 "Ana waladha. Ni ne ɗanta. Yazan."

Tsohuwar ta miƙe tana dafa bango. "Kawo fuskarka."

Ta zuro hannayenta biyu ta kafar, ya kai musu fuskarsa. Ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta kama gemu ta girgiza, sai hawaye.

"Allahu akbar. Jaririn nan da ya hana lungu barci, shi ne da gemu. Hancin Mastura ne wannan, ba na Abdulghani ba, shi nasa a baje yake. Yana raye?"

"Yana bakin lungu. Ya ƙi shigowa."

"Ba zai iya ba, miskin."

"Mun sayi gidan, ya khala. Ga matata, Hikima."

Hikima ta matso. "Ina wuni, Iya? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Yau na ji Hausa mai gishiri, ba irin ta mijinki ba da aka wanke da ruwan teku. 'Yar ina ce?"

"Kano."

"Masha Allah. Allah ya sa ku shiga a sa'a."

Dariyarsu ce ta tayar da Raghad. Ta buɗe ido ta yi arba da fararen idanu a cikin kafar bango, ta fashe da kuka ta ƙanƙame uwarta. Hikima ta shiga zagaye da ita tana jijjigawa, tana rera mata 'yar waƙar da kullum ke kwantar da ita:

*Kwanta, ɗan bayan katanga,*
*Babanka na bakin teku,*
*In ya dawo zan miƙa ka,*
*Gobe da safe ka dawo.*

Raghad ta lafa. Amma hannayen Zubaidatu da ke kan gefen kafar sun daina motsi.

"'Yar nan."

"Na'am, Iya."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Mahaifiyata ce. Da ita take lallashina ina ƙarama. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, ina jin ita ta ƙirƙiri abarta."

"Ita ta ƙirƙira," in ji tsohuwar a hankali. "Yaya sunanta?"

"Mubina."

"Doguwa, mai wushirya, da tabon ƙuna a hannun hagu?"

Hikima ta kusa sakin yarinyar. "Kin san ta?"

"A gabana mai ya ƙona ta, a saman rufin nan da nake tsaye. Ɗaki ɗaya muka zauna. Gyaɗa take soyawa tana kaiwa Bab Makka."

Wayyo Hikima. Murna ce ta fara zuwar mata, kuma ita ce abin da ya fi ba ni tausayi. Ta san Innarta ta taɓa zama a Jidda ba takarda kafin a haife ta, amma ba ta san unguwa ba, ba ta san lungu ba, duk shekarun da ta yi a garin ba ta haɗu da mutum ɗaya da ya san ta ba. Ta juya tana dariya tana hawaye.

"Yazan, ka ji? Innata a nan ta zauna. Bango ɗaya da umminka. Ka ga ikon Allah?"

"Subhanallah," ya ce yana dariya shi ma. "Ashe maƙwabta muke tun da."

Zubaidatu ba ta yi dariya ba.

"Kai Yazan. Matarka ka ce?"

"Aiwa."

"Aure na ɗaurin aure? Wannan da ta yi kuka, taku ce ku biyu?"

"Tamu ce, Raghad. Leish, ya khala?"

Tsohuwar ta laluba kujerarta ta zauna daɓas. Daga inda suke ba sa ganin komai sai saman kanta, suna jin tana maimaita innalillahi ƙasa-ƙasa.

"Iya, lafiya?" in ji Hikima.

"Da ma jiya na mutu."

"Subhanallah, me ya yi zafi?"

"Da na mutu jiya, da babu ruwana. Yanzu kuwa in na yi shiru, da shi za a tashe ni." Ta sake miƙewa, ta ɗora tafin hannunta a gefen kafar. "Ya waladi, ka ce wannan ta miƙa tuwo ce. Na ji ka. An miƙa tuwo, gaskiya ne. Kai ma ta nan aka riƙa miƙo ka."

Tsohuwar ta ci gaba.

"Da Mastura ta rasu, ubanka ba shi da kowa a Jidda, danginsa duk suna Makka. Aikin tashar jirgin ruwa yake yi, in bai fita ba babu abinci. Kai kuma kuka, dare da rana. Mubina na goyon ɗanta Muntaka a lokacin. Wata safiya ta kasa daurewa, ta buga katangar nan ta ce, bawan Allah, miƙo shi."

"La," in ji Yazan. "La, la. Abuya ya ce madarar gwangwani aka ba ni."

"An ba ka, ka ƙi. Kana sha kana amai, har ka zama kamar ɗan tsako. Nonon Mubina ne ya tashe ka. Da asuba ubanka ya naɗe ka a zane ya turo ta nan, da magariba ta mayar masa. Bai taɓa ganin fuskarta ba, ko sunanta bai sani ba, Ummu Muntaka yake ce mata. Hannu kawai yake gani. Wannan waƙar kuwa kai aka yi wa ita. Kai ne ɗan bayan katanga."

 Hikima ta sulale ta zauna a ƙasa da Raghad a cinya.

Yazan ya kama gefen kafar da hannu biyu. "Kam marra? Sau nawa? A makaranta an koya mana, sai yaro ya sha sau biyar, ya ƙoshi. In sau ɗaya ne, sau biyu..."

"A yini ɗaya ma kana wuce biyar, don ci gare ka. Har ka yi haƙori kana cizonta, har ka fara dafa bango kana tsayawa."

"Tayyib. Tayyib. Amma Hikima ba a haife ta ba lokacin. Muntaka ne ya sha da ni, shi ne ɗan'uwana. Ita daga baya ta zo, a Kano, shekaru..."

"Yazan."

Hikima ce. Muryarta ta yi ƙasa har sai da ya juyo.

"Ba ruwan nono da wanda ya riga ko wanda ya biyo baya. Matar da ta shayar da kai uwarka ce. Duk wanda ta haifa..." Ta kasa ƙarasawa. Tun tana 'yar Islamiyya ta haddace wannan, ba ta taɓa zaton za a wayi gari ta karanta shi a kan kanta ba.

"Ya aka yi ba wanda ya sani?" Yazan ya tambayi katangar, kamar ita ce mai laifi.

"Wa zai faɗa? Wata rana ta bar mini kai, ta goya Muntaka, ta ce bari ta kai gyaɗa yanzu za ta dawo, ko nonon rana ba ta ba ka ba. 'Yan jawazat masu kama marasa takarda suka yi kame a Bab Makka. Daga can sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Ko zaninta na canji ba ta ɗauka ba. Da magariba ubanka ya zuro hannu, ni na miƙa masa kai. Bai ƙara wata biyu a lungun nan ba ya tashi, ban sake jin ɗuriyarku ba sai yau."

Hikima ta rufe bakinta da gefen mayafi. Yanzu ta gane. Innarta ba ta taɓa kai ƙarshen waƙar nan ba tare da muryarta ta karye ba. A ciwon ajalinta ma abin da take ta faɗa ke nan, na bar yaro bai ƙoshi ba, na bar yaro bai ƙoshi ba. Kowa ya ɗauka zafin zazzaɓi ne, ko kuma Muntaka take tunawa, da ya rasu bayan komawarsu gida. Ashe yaron na nan, ya girma, har ya aiko Kano an ba shi 'yarta.

"Ku yafe mini," in ji Zubaidatu. "Wallahi da ina da inda zan kai maganar nan in binne, da na kai."

*

A tsakiyar matakala Yazan ya sha gaban Hikima tana sauka. Wurin duhu ne, matsattse, da ƙyar mutum biyu ke tsayawa.

"Isma'i. Ki saurare ni. Tsohuwa ce, ba ta gani, ta rikice. Mubina nawa ne a duniya?"

"Masu tabon ƙuna a hannun hagu?"

"Ta ji kin faɗa ne..."

"Ban faɗa ba. Ita ta faɗa."

"Halas, gidan ne matsala? Na fasa. Gobe in sa shi a kasuwa, ko da asara. Mu koma Waziriyya, mu koma Makka, ko Kano ma in kina so. Ba wanda ya ji, ya Hikima. Mu uku ne a sama."

"Na ji, Yazan."

"Ki manta."

"Da me zan lallashi Raghad yau in ta yi kuka?"

Ya jingina da bango, ya rufe fuska da hannun da ke riƙe da mukullin. Tunda take da shi ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko a shekarun da suka yi suna sintirin neman izinin aure a wurin hukuma, ana mayar da shi ana cewa ya dawo. Yau ga shi yana yi kamar yaro. Hannunta ya tashi da kansa zai kai kan kafaɗarsa, kamar yadda ya saba. A hanya ya tsaya. Ta rasa da wane suna za ta dafa shi, sai ta mayar da hannun kan bayan Raghad.

Ya ga tashin hannun, ya ga komawarsa. Wannan ya fi duk maganar tsohuwa yi masa ciwo.

"Abuya," ya ce yana share fuska. "Abuya zai ce ƙarya ne. Shi ya rene ni, shi ya sani. Shaidar mace ɗaya ce, tsohuwa. In ya ce madara ce, madara ce."

Hikima ba ta musa ba. Ita ma zuciyarta ta kama wannan ɗan zaren ta riƙe gam.

*

Lungun da suka shigo da dariya, shi suka bi suka fita. Mai tamis ya buɗe tanda, yara na buga ƙwallo a jikin bango, wata mata na zuro kwando da igiya daga roshan ɗinta. Komai na nan yadda Yazan ya yaba shi, ba abin da ya canza.

Abdulghani na zaune inda suka bar shi. Tun daga nesa ya dubi fuskokinsu, carbin ya tsaya a hannunsa.

"Abuya."

"Na'am."

"Wa ya shayar da ni?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Na ce maka kada ka sayi gidan nan."

"Ba gida na tambaye ka ba. Ka ce mini madarar gwangwani. Ka sake faɗa yanzu, a gabanta. Ka ce wallahi."

Tsohon ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Abuya, Allah yikhallik, kalma ɗaya ce. Ka ce wallahi, mu tafi gida."

"Zubaidatu ce ko?" in ji tsohon. "Na sa an bincika mini. Aka ce tana nan da ranta, kullum la'asar tana saman rufi."

Hikima ta ji zaren ya tsinke.

Yazan ya durƙusa a gabansa, a tsakiyar hanya, mutane na wucewa. "To ka san an shayar da ni. Ma'alesh, ka ɓoye, ka ji kunya, ban sani ba. Amma ba ka san uwar Hikima ba ce. Ba ka taɓa ganin fuskarta ba, ba ka san sunanta ba. Sah? Ba ka sani ba."

"Ranar ɗaurin aurenku ban sani ba. Allah shaida ne."

"Ranar ɗaurin aure," Yazan ya maimaita. "Bayan nan fa?"

Tsohon ya ɗago kai. "Ka tuna ranar sunan Raghad, da kofin shayi ya faɗi a hannuna, kuka ce hawan jini ne, kuka kai ni asibiti?"

"Na tuna."

"Ba hawan jini ba ne. Daga ɗaki na jiyo Hikima tana yi wa jaririyar waƙa. Ni da na tsaya a bayan katanga kullum magariba ina jin waƙar nan kafin a miƙo mini kai, ko a kabari aka rera ta zan gane ta. Da na warke na tambaye ta ko tana da wa. Ta ce tana da, ya rasu, sunansa Muntaka."

Hikima ta tuna ranar. Har daɗi ta ji a lokacin, wai surukinta ya damu da danginta.

"Na je ƙofar malami ban san iyaka ba, ina isa sai in juyo. In na zo gidanku in ga kana dariya, kai da ka tashi ba uwa. In ga jaririya. Matar nan ta raya mini ɗa ba ta karɓi ko riyal ba, ban taɓa yi mata godiya ido da ido ba, sai in saka mata da raba 'yarta da miji? Na ce in na mutu maganar ta mutu, zunubin a kaina ni kaɗai."

"A kanka kai kaɗai," in ji Hikima.

Tunda ta shigo gidansu ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi tsakiyar fuskar Abdulghani ba. Yau ta duba. Ba tsawa ta yi ba, maganarta a kwance take, hawaye na bin kuncinta tana barinsu.

"Abuya, Raghad ba mu sani ba, kai ma ba ka sani ba. Wannan Allah ba zai kama kowa ba. Amma daga ranar sunanta zuwa yau, kullum ka zo gidanmu ni nake zuba maka abinci. Kana kallona ina shiga ɗakinsa. Kana ce mini Allah ya ƙaro zuriya."

"Ya binti..."

"Kai ka roƙa da bakinka, Abuya. To an amsa."

Yazan ya ɗago kai daga inda yake durƙushe. "Esh? Me aka amsa?"

Daga masallacin Shafi'i ladan ya fara kiran magariba. Hikima ta gyara Raghad a kafaɗa, ta ɗora ɗaya hannun a kan cikinta. Kalmomin Larabcin da ta shirya duk sun gudu, da Hausa ta faɗa.

"Shi ne abin da na kai ka saman rufi in gaya maka. Ciki gare ni, Yazan."